Sarkin da Ba a Tuɓewa

Ku da kuke shimfiɗa kalandu a bakin tasha kuna danne su da duwatsu, na ji kuna cewa sayar da hoto ba sana'a ba ce, zaman jiran mai saye ne kawai. Taku ke nan. Ni da na yi ta a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tun ana ɗora kaya a jaki, ga yatsuna nan ku duba, babu wanda gilashi bai bar wa shaida ba. Kuma yankan gilashin shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne sanin wanda ke cikin hoton, da abin da duniya ta yi da shi tun bayan da aka buga takardar.

Aikin farko da maigidana Alhaji Mamman ya ba ni shi ne wanke fasassun gilasai da toka. Alhaji ya je Makka a ƙafa, ya daɗe a Sudan yana aiki a shagon wani Balarabe mai sa hotuna a firam, can ya koyo sana'ar ya kawo ta Ƙanƙara. Na yi damina guda ina wanki da shara kafin ya bar ni na taɓa lu'ulu'u, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙwayar dutse a baki da ake zana gilashi da shi. Za ka tsoma bakinsa a kananzir, ka danne mastara, wato katakon jan layi, ka ja sau ɗaya tak. Wanda ya koma kan layi ya kashe gilashi ya kuma kashe lu'ulu'u. Alhaji ba ya ma dubawa, kunne yake sawa. In ya ji ƙarar ta yi kaushi sai ya ce, "Lawal, ka ɓata," tun ban ɓalle ba. Firam da katakon akwatin sabulu muke yi. Bayansa kuwa garwar kananzir muke farkewa mu daddale da guduma, domin in ka sa kwali, gara za ta cinye sarki da fadarsa kafin a yi girbi. Sai a bi gefe da jar fata da ƙaro, a toshe ko'ina, kada laima ko kyankyaso su sami hanya. Gilashin ta jirgin ƙasa yake zuwa Funtuwa, mu jera shi cikin auduga a mangala, ka bi jaki a baya kana roƙon Allah kada ya hango jaka.

Hotunan kuwa daga Kano Alhaji yake sarowa wurin Larabawa, yawancinsu bugun Masar, da rubutun Larabci a ƙasa. Idan ya kwance ɗauri, kashi uku yake kasa sarakuna a kan tabarma. Ga waɗanda suka mutu da rawaninsu. Ga masu ci. Ga tuɓaɓɓu can gefe, a kife. A wannan tabarmar na yi karatun duniya. Ya nuna mini Sarkin Istanbul na ƙarshe, wanda kakanninsa suka riƙe Makka da Madina da Ƙudus zamani bayan zamani, amma ya fice daga birninsa cikin jirgin ruwan baƙi. Ya nuna mini Sarkin Jamus mai murɗaɗɗen gashin baki da ya gudu ya bar ƙasa bayan yaƙin farko, da na Rasha wanda aka hallaka da iyalinsa, waɗanda suka gaje shi suka ce daga yau gona ba ta kowa ba ce, ta kowa da kowa ce. Na ce, "Baba Alhaji, to wa ka noma ta?" Ya ce shi ma abin da ya tambayi Balaraben ke nan.

Tuɓaɓɓun ba a yar da su, saboda akwai sunan Allah a rubutun. Wanzamai da teloli da masu shayi muke kai wa a araha, su da ba su da rawanin da za su ji wa tsoro. Kashin nan da ake kifewa kuwa, duk shekara ƙaruwa yake yi.

Wani aiki da na yi a Mairuwa zai nuna muku irin masu sayenmu. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, ya dawo da tari da ƙafa guda mai ja. Na baje masa sarakuna da lambobi a ƙirji, ko kallo ba su ishe shi ba. Ya ce wani tsoho yake nema, ramamme, mai tabarau, ɗaure da zane kamar mai zuwa wanka, wanda ya ji labarinsa a Indiya. Sai da na aika Kano aka samo. Ranar da na kai masa ya tara maƙwabta ya ce, "Wanga da kuke gani, da yunwa ya kori Turawa. In sun ɓata mashi rai sai shi ƙi cin abinci." Mutane suka yi ta dariya, wani ya ce in haka ne ai mu tuni mun kore su. Haka ciniki yake. Mata daga bayan danga Ka'aba suke so da Buraƙa. Fulani ba ruwansu da sunan sarki, in dai dokinsa ya yi kyau. Malamai wasu su kore ka da hoton mai rai, wasu su kira ka zaure su tambaye ka ko Zulƙarnaini ya kai ƙasar Sin da gaske. Kowa sai ka ba shi labari kafin ya kwance bakin aljihu, kuma in ka yi ƙarya, wani alhaji yana nan a gefe zai tsinka ka a tsakiyar kasuwa.

Amma abincinmu na gaske a zaurukan masu rawani yake: dagatai da masu unguwanni. A lokacin an ɗauki wata al'ada, kowane maigari yana son hoton babban sarki mai ci a saman inda yake zama, wai inuwar mulki tana bin mulki. Abin da ke tafe da wannan shi ne tsoron tuɓaɓɓe. In hoton sarkin da aka tuɓe ya kwana a zaurenka, sun ce ka kira wa kanka. Kada ku tambaye ni wane littafi ya faɗa, babu. Amma mutumin da ake iya karɓe wa rawani da takarda guda daga sama, ko kukan tsuntsu fassara shi yake yi. Don haka mai hoto ba takarda yake sayarwa ba, lamuni yake bayarwa cewa wannan sarkin yana kan gadonsa. Mu kuwa labari sai ya tsufa yake iso mu. Sai ka je Funtuwa ka raɓa kantin wani Kwara, Balaraben Sham, mai akwatin rediyo, ko ka tari direbobi, ko ka sami jaridar da aka riga aka ƙunshe ƙosai da rabinta.

Shekarar da Sarkin Ingila ya mutu 'yarsa ta gada, Alhaji Mamman ƙafa ta riga ta zaunar da shi, ni ke yawo da jaki. Da bazara aka kira ni wani gari yamma da Tafoki. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsu suna nan. Maigarin, Baba Bawa, dogon tsoho ne mai kaushin murya, ya daɗe a kan mulki. Shi ya fitar da mutanensa suka sare daji suka buɗe hanyar da mota ke shiga garin, da bulala a hannu. Shi ya hana a nome burtalin shanu, manoma suka ƙullace shi, ya kuma hana shanu sauka fadama kafin a kwashe amfani, Fulani suka ƙullace shi. A ganinsa duk gyara yake yi, kuma kowa ya san haka. Akwai ɗan wansa, Ɗanladi, wanda ya ɗan taɓa boko, yana ta zirga-zirga wurin manya da ƙorafin mutane. Rawanin Baba Bawa ya fara rawa, shi ya sa ya neme ni.

Na ba shi Sarkin Masar: saurayi, jibgege, da jar dara, ƙirji cike da zinariya. Na yi masa firam da katakon maɗaci, ban taɓa yin mai kyansa ba. Na kafa ƙusa na rataye, fadawa suka ce ma sha Allah. Da damina ta yi nisa na je Funtuwa sayen gilashi, Kwaran nan ya ce mini ai sojojin Masar sun sa sarkinsu a jirgin ruwa sun ce ya yi gaba. Na ce yaushe? Ya ce an kwana biyu. Ban sayi gilashin ba, na juya. Kafin in isa, yaran Ɗanladi sun riga ni. Har sun fara wucewa ta ƙofar zauren suna tambayar juna da ƙarfi ko akwai jirgin ruwa a kogin garin.

Na tarar an sauke hoton an kife shi a ƙasa. Na durƙusa na yi gaisuwa.

"Lawal, mi na yi maka?" in ji Baba Bawa.

"Ranka shi daɗe, ran da na rataye shi shina bisa gadonshi. Allah ne shaida."

"To na ji. Buɗe kayanka. Sarkin da ba a tuɓewa nike so."

Na baje su a gabansa. Na fara miƙa masa sabuwar Sarauniya, na ce ga ta yarinya ce ɗanya, kuma nata ba a tuɓe su da wasa. Ya kalle ni kamar na zage shi. "Mace bisa kaina, cikin zaurena? Ɗiyar cikina ta girme ta." Da ya karɓa da ya huta, ga ta nan har yau, ta binne duk waɗanda muka yi wannan zama da su. Na ɗauko Sarkin Makka, ya ce Ɗanladi ya riga ya rataye irinsa, ba zai yi anko da ɗan wansa ba. Na ɗauko wani tsohon Sarkin Istanbul wanda ya ci birane ya mutu da rawaninsa, ya ce gawa zan kawo masa? Na ɗauko Sarkin Habasha, ya ce ba Musulmi ba ne. Sai hannuna ya kai kan wani da ban daɗe da samu ba wurin wani Basanagale: Sarkin Maroko, cikin farar alkyabba mai hula, fuska a sanyaye.

"Wanga fa?"

"Sarkin ƙasar da birnin Fas yake, ranka shi daɗe. Ƙasar waliyyai. Kuma Sharifi ne, jinin Manzon Allah. Gidansu sun daɗe suna mulki tun kafin a san Bature."

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Wa ka taɓa Sharifi?" Na ce babu. Da zuciya ɗaya na faɗa, kuma duk wanda ya san sana'ar nan a lokacin haka zai ce. Na zare na Masar, na goge gilashin, na sa Sharifi, na sake bin gefe da sabuwar fata.

Shekara ta zagayo lafiya, har na fara sakin jiki. Ana jajibirin Babbar Salla Faransawa suka kewaye fadar Sharifi da sojoji, suka ɗauke shi da 'ya'yansa zuwa wani tsibiri, suka naɗa wani tsoho daga danginsa wanda zai riƙa ce musu to. Wannan karon labarin bai yi nawa ba, alhazai suka dawo da shi a baki. Kafin a gama yankan gero takarda ta zo daga sama. Aka kira Baba Bawa, ya tafi da rawani ya dawo da hula. Aka naɗa Ɗanladi.

Wannan ita ce muguwar shekarata, kuma ba shekara guda ta tsaya ba. A kasuwar Faskari na fara jin sunan: Lawal Mai Tuɓe Rawani. Na ɗauka wasa ne, na yi dariya tare da su. Da na je Sabuwa na tarar sunan ya riga jakina isa. Maigarin da a da yake sa a kawo mini fura, yanzu bafade yake turowa ya tare ni tun daga bakin gari, a ce yana gaishe ni amma in bi ta bayan ganuwa. Wani mai unguwa ya aiko mini da hoton da na sayar wa ubansa tun ina yaron Alhaji, a naɗe cikin tsumma, ɗan aiken ya ajiye daga nesa ya juya. Abin ya wuce masu rawani. Mai neman aure ba ya son inuwata, mai shirin fatauci ba ya son gaisuwata da safe. Na koma gyaran fitilu da yanka wa mata madubi, shi ma sai in sun aiko ta hannun wani. Jakin na sayar. Gilashin da ya rage na riƙa ɗauka a ka, kuma wanda bai taɓa ɗaukar gilashi a ka daga Ƙanƙara zuwa Faskari ba, kada ya yi mini zancen gajiya.

Na je na zauna gaban Alhaji Mamman na ba shi labari. Ya ce, "Ai na hwaɗa maka, mai rawani matacce ake saida mashi. Shi kaɗai ne ya gama da duniya."

Na ce, "Baba Alhaji, ya ƙi."

Ya ce, "Duk ƙi suke. To sai ka yi haƙuri. Bakin da ya sa maka sunan ba shi cire shi. Sai in Bawa da kanshi ya wanke ka."

Baba Bawa kuwa ya bar garin, ya koma wata 'yar gona wajen Ruwan Godiya inda dangin uwarsa suke. Ban iya zuwa ba. Da wace fuska?

Sai da kaka biyu ta wuce, ta uku ta shigo. Ina Funtuwa, na raɓe a bakin kantin Kwaran nan kamar kullum, sai ya leƙo ya ce, "Kai mai hoto, mutuminka ya koma." Na ce wane? Ya ce Sarkin Maroko, Faransawa sun dawo da shi da kansu, a jirgin sama, birni ya fito kaf yana kuka. Na sa ya maimaita. Na sa ya ba ni labarin tun daga tushe, yadda aka yi da dalilin da ya sa. Tun da Alhaji ya fara kife sarakuna a tabarma, sau ɗaya na taɓa jin an ɗauko wani an mayar cikin masu ci, shi ne Sarkin Habasha. Na ce yau Allah ya wanke ni. In hoton mugun abu ne, ga mai hoton ya koma gadonsa. Saura kawai Baba Bawa ya faɗa da bakinsa, ko a gaban mutum biyu ne.

Da hantsi na same shi a masussuka, zaune a kan buhu, yana tsince zangarniyar dawa da hannunsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ba bafade, ba maroƙi, sai kaji. Na durƙusa na ce ranka shi daɗe. Ya ce, "Bari wannan, Lawal. Ce mani Baba." Ya sa aka kawo ruwa. Ban ko sha ba na zazzage masa albishir.

Hannunsa ya tsaya. Na ga idonsa ya kawo haske, irin wanda na sani a zaure. Ya ce, "An maida shi? Bisa gadonshi na da?"

"Wallahi, Baba."

"Ikon Allah. Nasaran ne suka ji tausai nai, ko wani babba ya sa baki?"

Ni kuwa daɗin labari ya ɗebe ni, ga shi sana'ata ke nan. Na ce a'a, ba babba ko ɗaya, talakawansa ne. Na ba shi yadda na ji: tun ranar da aka ɗauke shi mutane suka daina zuwa masallacin da ake yi wa sabon sarki addu'a, liman ya hau mumbari ya tarar da tabarmi. Suka daina sayen kayan Faransawa, mashaya taba suka bar taba. 'Yan kasuwa suka rufe rumfuna. Aka ɗaure wasu, aka harbe wasu, ba su fasa ba. Mata suna hawa soro suna cewa ga fuskarsa can a cikin wata. Har Faransawa suka gaji suka ga ƙasa ba za ta mulku ba sai da shi.

Ina cikin zuba na lura ya koma tsintar dawarsa. Na katse labarin.

Can ya ce, "Ran da aka amshi rawanina, na iso gida bayan azahar. Kafin la'asar ina jin gangata a ƙofar Ɗanladi. Makaɗin, ni na yi mashi aure." Ya jefa zangarniya cikin kwando. "Juma'ar da ta biyo, masallaci har waje. Na tsaya sahun baya, wanda ke gefena bai ko matsa mani ba."

Na yi nadamar kowace kalma da na faɗa, amma ta riga ta fita.

"Shekara biyu ina zaune nan ina cewa hoton Lawal ne," in ji shi. "Da shi nike samun barci. Ashe shi Sharifi mutane gare shi." Ya ɗago ya dube ni sosai. "Na san abin da ya kawo ka, kuma kana da gaskiya. An cuce ka. Tahi kasuwar Faskari ran da ta cika, ka ce ni Bawa na ce ba hotonka ba ne. Ka ce mutanena ne ba su so na. In sun musa, su zo su iske ni."

Abin da na yi tafiyar nan dominsa ke nan, ga shi an ba ni a hannu. Na yi godiya, na sha ruwan, na tashi.

Ranar kasuwa na je Faskari na baje 'yan madubaina. Ga mutanen garinsa nan sun zo da dawa da awaki, ga makaɗin ma na hango shi a rumfar mahauta yana dariya. Wani daga cikinsu ya tsaya a kaina ya ce, "A'a, Mai Tuɓe Rawani! An ce ka je wurin tsohon. Mi ya ce maka?" Mutane suka fara taruwa, kowa ya miƙo kunne. Na buɗe baki, sai na ga tsohon nan a kan buhunsa, na ga kuma yadda maganar za ta bi kasuwa rumfa rumfa, a yi ta mata gishiri, har ta koma masa Ruwan Godiya a bakin yara. Ni hoto aka ce ya ci mini suna. Shi kuwa wannan zancen hoton shi ne suturar da ta rage masa a idon duniya.

Na ce, "Ya ce in gaishe ku. Kuma ya ce ya yafe mani."

Suka ce kai, Bawa akwai haƙuri, da wani ne da ya sa an ɗaure ka. Suka watse suna jinjina masa. Ban ƙara rataye hoto a zauren mai rawani ba har na bar sana'ar.